Abin da Barira Ta Tarar a Tiren Ƙasa na Firinta

Wata rana, ranar Laraba da hantsi, wata mata mai suna Barira tana zaune a gaban kwamfutarta, a ofishin wata gidauniya da ke ba ɗalibai tallafin karatu.

Ba zan faɗi sunan gidauniyar ba. Garin ma ba zan faɗa ba.

Barira mai buga takardu ce. Shekara tara ta yi a wani shagon buga takardu a bakin kotu kafin ta samu wannan aikin, kuma wata goma ke nan da fara shi.

Mijinta direban babbar mota ne, ciwon baya ya zaunar da shi a gida. 'Ya'yansu huɗu. Aikin kuma na kwantiragi ne, duk shekara ake sabuntawa, nata saura wata biyu.

Ku riƙe wannan a ranku, don ku san kujerar da take zaune a kai ba abin wasa ba ce a wurinta.

Wajen ƙarfe goma da rabi sai ga Malam Lurwanu, jami'in da ke tafiyar da ofishin. Turarensa ya riga shi shigowa. Ya ajiye fulash a kan teburinta.

"Malama Barira, rahoton tantance ɗalibai ne. Shafi goma sha huɗu, kwafi bakwai. Gaba da baya za ki buga, kin san Hajiya ba ta son ɓarnar takarda. Ƙarfe biyu za a zauna."

"To, Yallaɓai."

Hajiyar da yake nufi ita ce Hajiya Turai, wadda ta kafa gidauniyar. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ta haura saba'in, ƙafa ta fara ba ta wahala. Sau biyu kawai take zuwa ofishin a shekara, ranar da amintattun gidauniyar, wato masu sa ido a kanta, ke zama. A zaman ranar ne za ta sa hannu a kan sunayen ɗalibai ashirin da aka zaɓa.

Barira ta buɗe rahoton a manhajar rubutu. Kamar yadda ta saba, kwafi ɗaya ta fara bugawa na gwaji.

Takardar farko ta fito. Gaba lafiya lau.

Ta juya baya.

Rubutun a kife yake, kai a ƙasa, ƙafa a sama.

Ko a jikinta. Wannan tsohuwar matsala ce. In za ka buga gaba da baya, kwamfuta tana ba ka zaɓi biyu: ko a juya takarda ta dogon gefe kamar littafi, ko ta gajeren gefe kamar kalandar bango. Wani ya buga katin gayyata a makon da ya wuce, ya bar saitin a gajeren gefe.

Ta mayar da shi dogon gefe. Ta sake bugawa.

Baya ya miƙe. Amma bayan shafi na biyar ya fito fari fat, kuma daga nan duk shafukan suka goce, abin da ya kamata ya zo a gaba ya koma baya.

Ta ɗan yi tsaki, ta koma cikin rubutun. Ta kunna alamar nan da ke nuna guraben da ido ba ya gani. Ashe wanda ya rubuta rahoton ya yi ta danna maɓallin sauka layi ne har ya haifar da shafi guda wanda babu komai a cikinsa, dab da jadawalin sunaye.

Ta goge shi. Shafuka suka koma goma sha huɗu cif.

Gwaji na uku ya fito tsaf. Ta ce a buga bakwai, ta juya tana neman abin maƙala takarda a aljihun tebur.

Kwafi na ɗaya ya fito. Na biyu ya fito.

A na uku firintar ta tsaya, ta yi wata 'yar ƙara a cikinta, sannan ta ci gaba.

Da Barira ta ɗauko takardun, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba a wannan ofishin. Gefe ɗaya fes. Ɗaya gefen kuma rubutu ne a kan rubutu, layi ya hau layi, baƙi ƙirin, ba ka iya karanta ko ɗaya.

Ta soke bugun da sauri.

Ta duba yadda shafukan suke a fuskar kwamfuta. Babu komai, tsaf suke.

Ta kashe firintar, ta jira, ta kunna. Ta zare wayar da ta haɗa ta da kwamfuta, ta hura, ta mayar. Ta buɗe murfi ta ciro kwanson tawada, ta girgiza shi, ta goge da ƙyalle, don ta san wani lokaci in ya tsufa yakan maimaita inuwar abin da aka buga a baya.

Ta buga cikakken kwafi ɗaya.

Haka ya sake fitowa, tun daga takardar farko har ta bakwai.

Agogo ya nuna sha ɗaya da rabi. Gumi ya fara tsattsafo mata a ƙarƙashin hijabi.

Sai ta ɗauki takarda ɗaya ta je bakin taga, ta ɗaga ta a haske.

A ƙarƙashin baƙin rubutun rahoton, akwai wani rubutu. Shuɗi ne. Na hannu ne.

Shekara tara da wata goma tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin firintar da ke rubutu da biro ba.

Ta dawo ta jawo tiren sama, inda take zuba takarda kullum. Wayam. Takarda ta ƙare tun a kwafi na uku, na'urar ta koma ja daga tiren ƙasa da kanta.

Barira ba ta taɓa zuba komai a tiren ƙasa ba.

Ta durƙusa ta jawo shi.

Cike yake maƙil. An jera takardun da kyau, farin bayansu yana kallon sama, duk wanda ya leƙa zai ɗauka sababbi ne.

Ta ɗauki ta saman, ta juya.

"Zuwa ga Shugabar Gidauniya. Ranki ya daɗe, ni Mardiyya Haladu, ina roƙon a taimaka mini in karanta aikin ungozoma..."

A kusurwar takardar akwai hatimin ofis. A ƙarƙashin hatimin akwai kwanan wata da sa hannu.

Sa hannunta ne.

Bari in mayar da ku baya kaɗan.

Wata biyu kafin wannan rana, gidauniyar ta yi sanarwa a rediyo cewa masu neman tallafi su kawo takardunsu. Mako uku ana layi. Barira ce aka zaunar a teburin karɓa. Tsarin shi ne ta duba takardun mutum sun cika, ta buga hatimi, ta sa hannu, sannan shi da kansa ya mayar cikin ambulan ya liƙe a gabanta, don kada kowa ya taɓa sai kwamitin tantancewa.

Mutum ɗari uku da sittin da ɗaya.

Wasu daga ƙauye suka taso tun da asuba. Wasu iyayensu ne suka rako su, tsofaffi masu cire takalmi a ƙofar ofis duk da an ce musu ba sai sun cire ba. Kusan kowa kafin ya tafi sai ya tambaye ta abu ɗaya: "Malama, za dai a duba, ko?"

Ita kuma kowa amsa ɗaya take ba shi, da zuciya ɗaya:

"Kada ka damu. Kwamiti zai karanta na kowa."

Yanzu ga ta durƙushe a gaban firinta, tana juya su ɗaya bayan ɗaya.

Bitrus Ayuba, yana son karatun safiyo, mahaifinsa ya rasu bara.

Nafi'u Sale, ya samu gurbi a jami'a shekara biyu a jere, bai iya zuwa ba.

Fotokwafin sakamakon jarrabawa. Takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wasiƙar wani liman yana shaidar halin wata yarinya. Kowace a kusurwarta akwai ƙananan huji biyu, inda aka ɓalle fil ɗin da ya riƙe hoto.

Ta miƙe ta ɗauki kwafin rahoton mai kyau. Mai buga takardu ba kasafai yake karanta abin da yake bugawa ba, tsarin shafi yake kallo. Wannan karon ta karanta. Da Turanci aka rubuta, amma ga abin da shafi na biyu ya ce:

"Kwamitin tantancewa ya zauna sau huɗu, ya karanta dukkan takardun neman tallafi guda 361 ɗaya bayan ɗaya, cikin tsoron Allah da adalci."

Ta ce a ranta, to, wataƙila sun karanta ɗin, da suka gama ne aka mayar da su takardun banza. Ko hakan ma bai dace ba, amma da sauƙi.

Ta leƙa baranda ta kira Baba Goma, tsohon masinjan ofishin.

"Baba, wa ya zuba takardu a tiren ƙasa?"

"Ni ne, 'yata. Na yi ɓarna ne?"

"A ina ka samo su?"

"Kwali biyu ne a sito. Ranar Litinin Malam Lurwanu ya ce in kwashe, shara ce, sun cika wuri. Sai na ga bayansu fari ne tas, na ce ai asara ce a ƙona. Ya ce to in cire ƙarafunan kada su lalata na'ura."

"A buɗe ka same su?"

Baba Goma ya girgiza kai.

"Ina fa. A liƙe suke gam. Ni na yi ta farke ambulan ɗin da reza, yini guda. Ga yatsana ma inda na yanke."

Ya nuna mata yatsan.

Barira ta sake duba rahoton.

Ranar Litinin. A ƙasan jadawalin sunayen da ke cikin rahoton, kwanan watan da aka sa ya kai mako uku.

"Baba, ka san ko takardun mene ne?"

"Ni ban yi boko ba, 'yata. Amma na ga hotunan yara a jiki. Su kam ban iya zubarwa ba."

Ya shiga ɗan ɗakinsa ya fito da wani gwangwanin madara. Ya buɗe. Hotunan fasfo ne cike, ɗaruruwa, fuskoki a kan fuskoki. Wasu sun sa kwat ɗin aro. Wasu an ga alamar sun yi ƙoƙarin kada su yi murmushi.

"Kwali biyu ka ce. Wannan na tire bai kai kwali ɗaya ba. Ina sauran?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Akwai saura a sito. Rabin kwali kuma na ba wa mai doya ta bakin get."

Barira ta fita.

Matar tana nan a inda take kullum, tana suyar doya da awara a gefen kwata. Layi ne a gabanta, lokacin cin abincin rana ya kusa. A gefenta ga tulin takardu an danne da dutse.

Barira ta tsaya tana kallo.

Matar ta zaro takarda ɗaya, ta kwaso doya daga mai, ta zuba, ta barbaɗa yaji, ta naɗe ta miƙa wa wani ɗan acaɓa. Mai ya ratsa takardar nan take. Ta bayanta Barira tana iya ganin hatimin ofis.

Mutumin ya ci a tsaye. Ya goge bakinsa da takardar, ya goge yatsunsa, ya dunƙule ta ya jefa a kwata.

A cikin kwatar akwai irinta sun fi goma. Ɗaya ta buɗe a kan baƙin ruwan, ƙudaje na bin ta. Layin farko bai jiƙe ba tukuna: "Ranki ya daɗe, ni maraya ne..."

Mai doyar ta ɗago ta yi mata fara'a.

"Malama, a zuba miki? Kin ga takardun da Baba Goma ya kawo min, masu kauri, ba sa yagewa. Allah Ya saka muku da alheri."

Matar ba ta da laifi, Barira ta sani. Ta dai juya da sauri ta bar wurin.

Kai tsaye ofishin Malam Lurwanu ta wuce, da takarda ɗaya a hannu. Ta yi sallama.

Yana cin doya.

A kan teburinsa, a shimfiɗe a ƙarƙashin doyar, sakamakon jarrabawar wani ne.

"An gama?" ya tambaya, bakinsa cike.

"Yallaɓai, an samu matsala. Firinta ta ja takarda daga tiren ƙasa."

Ta miƙa masa. Ya karɓa da yatsu biyu, ya kalli gaba, ya kalli baya. Fuskarsa ba ta canja ba ko kaɗan. Abin da ya fi tsaya mata a rai ke nan daga baya. Da ma ya firgita, da ma ya ji kunya.

"To, sai ki ɗauko sabon rim na takarda a sito. Wannan har sai kin zo kin same ni?"

"Yallaɓai, takardun yaran nan ne. Baba Goma ya ce a liƙe ya same su."

Ya ajiye takardar. Ya tsotsi yatsansa.

"Malama Barira, aikinki bugawa ne, ba karantawa ba."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Kin san yadda ƙasar nan take. Gurbi ashirin ne. Kafin a yi sanarwa ma manya sun turo sunaye sun fi talatin. Wa zan ce wa a'a? Sanarwar rediyo ƙa'ida ce kawai, dole a yi."

Ya jawo wata takardar daga gefe ya goge hannunsa.

"Af, watan jibi ne sabunta kwantiraginki, ko? Ina sane. Yaya jikin maigidan?"

"Da sauƙi."

"Allah Ya ƙara sauƙi. Ki rufo min ƙofar."

Ta koma teburinta. Ta ɗauko sabon rim, ta cika tiren sama. Ta shiga saitin firinta ta zaɓi tiren sama kaɗai, don kada ta sake ja daga ƙasa. Ta buga biyar da suka rage.

Suka fito fes, gaba da baya, kamar littafi.

Matsalar bugu ta ƙare ke nan. Da a nan ta tsaya, babu wanda zai ce ta yi laifi.

Aka kira azahar. Ta yi alwala, ta shimfiɗa sallaya a bayan kabad. Bayan ta sallame ta daɗe a zaune.

Ta tuna mijinta kwance a kan tabarma, yana juyawa da ƙyar. Ta tuna shagon bakin kotu, inda take wuni a tsaye. Ba ta son komawa can. Kuma ta san halin wurin nan, in ka taɓa babba, kai ne za ka fita.

Amma duk ta inda ta juya zancen, wuri ɗaya yake dawowa. Malam Lurwanu bai taɓa kallon idon yaran nan ba. Amintattu ba su gan su ba. Ita ce ta kalle su, ɗaya bayan ɗaya, sau ɗari uku da sittin da ɗaya, ta ce za a karanta. Da bakinta aka yi ƙaryar.

Abin ya dame ta kamar ta taka ƙazanta da ƙafa babu takalmi.

Ta tashi ta naɗe sallaya. Ta tattaro takardu bakwai na kwafin nan da ya lalace, ta jera su bi da bi, ta maƙale su kamar sauran.

A ɗakin taro ta ajiye wa kowa kwafinsa mai kyau. A gaban kujerar Hajiya ta ajiye biyu. Lalataccen ne a sama.

Ta fito ta jawo ƙofar.

Ƙarfe biyu da kwata aka shiga. Ba a yi minti goma ba Baba Goma ya leƙo.

"'Yata, Hajiya na kira."

Mutum bakwai ne a zagaye da tebur. Malam Lurwanu yana tsaye, yana magana da sauri.

"...matsalar na'ura ce, ranki ya daɗe, kuma ita mai bugawar ba ta kula ba. Zan ɗauki mataki. Ga mai kyau nan a ƙasa."

Hajiya Turai ba ta kalle shi ba. Ta sauke tabaranta kan hanci, ta dubi Barira.

"Ke kika buga wannan?"

"Ni ce, Hajiya."

"Me ya sami na'urar?"

"Lafiyarta ƙalau, ranki ya daɗe. Abin da aka zuba mata ne ta buga a kai."



Hajiya ta ɗaga takardar sama ta fuskanci taga. Shekara arba'in ta yi tana karanta rubutun yara, shuɗin biro a ƙarƙashin baƙar tawada bai gagare ta ba. Ta karanta a hankali, a fili, tana tsallake inda ya dusashe. Wasiƙar wata yarinya ce, Sahura Iliya, tana bayanin yadda take tafiya a ƙafa zuwa wani gari don ta yi aikin gwaji a ɗakin kimiyya, saboda makarantarsu babu.

Da ta gama ta ajiye.

"Lurwanu, kwamitinku ya karanta wannan?"

"Ƙwarai, ranki ya daɗe. Ba ta dai cika sharuɗɗa ba ne."

"Me take son karantawa?"

Ya shiga jujjuya shafukan rahoton. Ya rufe.

Hajiya ta juya ga mutum biyu daga cikin amintattun, waɗanda sunansu ke ƙasan rahoton a matsayin 'yan kwamiti. Ɗaya yana duba wayarsa. Ɗayan ya ga wani zare a hannun rigarsa yana ta cirewa.

Ta sake duban Barira. "Faɗa min abin da kika gani, tun daga farko."

Barira ta faɗa. Aka kira Baba Goma, ya zo da gwangwaninsa, ya ajiye a tsakiyar tebur. Hajiya ta zuba hannu ta ɗebo hotunan, ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe bironta ta mayar cikin jaka.

Ba a sa hannu ba ranar.

Na san kuna jira in ce an kori Malam Lurwanu, an ƙara wa Barira girma, kowa ya tafa.

Ba haka aka yi ba.

An tattaro na tire, da na sito, da abin da ya rage a wurin mai doya. Aka haɗa takardun mutum ɗari biyu da talatin da takwas. Na mutum ɗari da ashirin da uku sun tafi, an ci doya a kansu.

Hajiya ta kira tsofaffin malamai biyu, suka kwana tara suna karantawa a falonta. Daga cikin ashirin ɗin da aka fara rubutawa, goma sha bakwai ko takardar nema ba su taɓa kawowa ba.

Malam Lurwanu kuwa ɗan 'yar'uwar ɗaya daga cikin amintattun ne. Aka taru aka ba Hajiya haƙuri, aka ce a rufa asiri saboda sunan gidauniya. Ya ajiye aiki "don kansa". Har 'yar walima aka yi masa, da lemo da kaji, aka yi jawabai a kan gaskiyarsa da riƙon amanarsa. Wata uku bayan nan ya samu wani ofishin da ya fi wannan.

An sabunta wa Barira kwantiragi, amma na wata shida, kuma sai da Hajiya ta buga waya da kanta.

Abokan aikinta suka rage gaisuwa. In ta shigo sai hira ta mutu. Wata ta tare ta a banɗaki, ta leƙa ta tabbatar babu kowa, sannan ta raɗa mata: "Wallahi kin yi daidai. Ai shekara uku ke nan ana haka, kowa ya sani."

Kowa ya sani.

Barira ta ce wannan maganar ta fi kwatar nan tayar mata da zuciya.

Saura mutum ɗari da ashirin da uku. Hajiya ta dage sai an sake kiran su. Amintattu suka yarda, da sharaɗin su za su rubuta sanarwar. Ga abin da aka karanta a rediyo: "Sakamakon wata matsala ta na'ura, wasu takardu sun salwanta."

Hamsin da ɗaya ne suka dawo. Sauran ko ba su ji ba, ko ba su da halin sake yin fotokwafi da hoto da hawa mota, ko sun riga sun cire rai.

A rana ta ƙarshe, dab da tashi, wani dattijo ya shigo da 'yarsa. Ya cire takalmi a ƙofa. Rigarsa wankakkiya ce amma ta sha jiki. Ya zaro ambulan daga aljihun gaba, ya miƙa da hannu biyu.

"Malama, mun ji an ce namu ya ɓace. Ga shi mun sake. Akuya na sayar wancan karon, wannan karon maƙwabci ne ya taimaka." Ya dube ta. "Za dai a duba, ko?"

Barira ta kusa ba shi amsar nan da ta saba, sai ta fasa.

Ta tashi ta jawo masa kujera.

"Baba, zauna. Ke ma zauna."

Ta ɗauki wayarta ta kira Hajiya Turai, ta sa a amsa-kuwwa, ta ajiye a kan tebur. Ta zaro wasiƙar ta warware.

"Hajiya, ga ta ƙarshe ta zo. Mahaifinta yana nan zaune. Zan karanta miki yanzu, yana ji."

Ta karanta tun daga sallama har sa hannu. Yarinyar ta rufe fuska da mayafi saboda kunya. Da Turanci aka rubuta wasiƙar, dattijon bai gane ba, amma duk inda aka ambaci sunan 'yarsa sai ya gyaɗa kai.

Da aka gama, muryar Hajiya ta fito daga wayar: "Na ji, Malam. Ban yi maka alkawarin za ta samu ba. Amma na ji da kunnena."

Dattijon ya miƙe, ya sa takalminsa a bakin ƙofa, ya ce wannan ma ya ishe shi ya koma gida da shi.

Darasi:

In aka ba ka amanar takardar wani, ka tuna ba takarda kaɗai ya miƙo maka ba. Wani akuyarsa ya sayar kafin ta iso teburinka.

In ba za ka ba shi ba, kada ka ba shi. Amma ka buɗe ka karanta. Kada ka tara mutane a layi a rana alhali ka gama rabo a ɗaki.

Kai kuma da kake gefe kana gani, kana cewa "ba ruwana, ni aikina kawai nake yi", ka sani da shirunka ake gina wannan ƙazantar. Mutum ɗaya ba ya iya yin ta shekara uku.

Ga masu aikin ofis kuma: in bugun gaba da baya ya ba ku matsala, ku duba saitin juyawa, ku duba shafin da babu komai, sannan ku durƙusa ku buɗe tire ku ga abin da aka zuba a ciki.

In ka taɓa kai takarda wani ofis ka ji shiru har yau, rubuta mana a ƙasa. Ka kuma tura wannan ga duk wanda ka sani yana zaune a bayan teburin da ake miƙa wa ambulan.